Yadda anka sa mini suna Mushe Silima

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani ƙanena a aiki, sabon malami da anka turo mana bana, shi ya ja ni rubuta wanga labari. Ran Alhamis muna zaune ƙarƙashin dogon yaro lokacin rekire, wato hutun shan iska, ya ce mini, Mushe (Monsieur ke nan, haka ake kiran malami wurinmu) an ce kai ne gwanin koyarwa da na'ura, ni ma in pekil ya hito, wato ɗan albashinmu na kwantiragi, ina so in sayi projektar, wane iri za ni saye? Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce mishi amsar ba ta minti goma ba ce, kuma ga shi an kaɗa ƙarhe, to bari in rubuta ta nan kowa ya gani har da shi.

Ni malamin SVT ne, wato ilimin halittu da na ƙasa, a koleji. Na fara aiki a 2016 ɗan kwantiragi, anka tura ni wani ƙauye cikin jihar Tawa wanda ba zan faɗi sunanshi ba, in ka sauka daga kwalta sai ka ƙara tahiya bisa babur cikin duwatsun Adar har bayanka ya gaya maka. Babu kuran, wato wutar lantarki, a garin. Azuzuwa biyu ne na siminti, sauran na zana. A sizyam, ajin farko na koleji, ina da yara sun haura tamanin, huɗu huɗu bisa tabul-ban guda, wasu ƙasa bisa buhu, littahi kuwa ɗaya ne kuma shina hannuna. Na yi karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, can na fara sa idona cikin mikroskop, ina da shekara ashirin da wani abu, kahin nan ni ma duk abin da na sani game da selil, wato ƙwayar halitta, zane ne na alli. To shi na koma ina yi wa yaran mutane. In zana da'ira a tabulo, in ɗiga ɗigo a tsakiya, in ja kibiya in rubuta noyau, cytoplasme, membrane, su kwashe cikin kaye, su haddace, su maido mini ranar dubuwar, wato jarrabawar aji, kamar bashi. Wata rana na ji wani yaro shina ce wa abokinshi a bayan aji, yau ma Mushe ya zana ƙwai soyayye. Ban buge shi ba, don wallahi da na waiwaya na dubi tabulo, ƙwai ne.

Babbar matsalar ma ba littahi ba ce, harshe ne. Yaro ya zo daga firamare Faransancinshi bai wuce présent Monsieur da permission ba, kai kuma kana tsaye kana ta zuba mishi la circulation sanguine. Kana tambaya kun gane? Su amsa da ƙarhi wi Mushe! Kai ma ka san ba su gane ba, su ma sun san ka sani, a haka ake tashi.

A 2018 wana da ke ci-rani a Abijan ya aiko mini da salula babba, Tecno, hannun wani ɗan garinmu. Duk ƙarshen mako in na shigo Tawa sai in sa forfe na dare in kwana ina sauke bidiyo, zuciya na bugawa, iri na tsirowa, sauro na tsotsar jini, uwargida tana ta mita wai na auro waya. Ran Litinin in kai aji in riƙa bi layi layi ina nuna musu. Kun san abin da zai faru. Layin farko na kallo, sauran saba'in sun hau bisa tebura, wani ya taka wani, kuka, zagi, kahin in kai layin ƙarshe awa ta ƙare batir ma ya ƙare, sai in aika wurin mai sharji a biya dala ashirin. Na yi haka kusan shekara.

Sai na ƙudura sayen ƙaramin projektar, irin mai batir a ciki wanda bai hi girman kwalin sukari ba. Na shiga adashe da malamai, da kwasata ta zo na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ta Konni ya sayo mini, na haɗa da ƙaramin panno na hasken rana da bafil na Bluetooth. Kuɗin da na kashe ban taɓa faɗa wa uwargida gaskiyarsu ba har yau, in ta karanta nan to Allah ya ba ki haƙuri. Zanen gadonta fari ma na ɗauka, shi ne allon. Muna toshe tagogi da kwali da tabarmi don a samu duhu, a watan Afrilu, a Adar, yara tamanin cikin ɗaki ruhe, ku ƙiyasta zahi da wari. Amma ranar farko da zuciyar mutum ta hito bisa zanen nan, girmanta ya kai ƙwarya, tana bugawa dum dum cikin bafil, ajin ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki. Wata yarinya ta ce la'ilaha illallahu ta ruhe ido. Ni kuwa na harɗe hannu a bayan aji ina jin kaina kamar na ƙirƙiro zuciyar da kaina.

Daga nan kai ya kumbura. Kowane kur sai da bidiyo. Ƴan wasu azuzuwa na gudowa daga darasin lissahi suna leƙe ta ƙofa, malamin lissahi ya daina gaishe ni da kyau, yara sunka sa mini Mushe Silima, ni kuma ina jin daɗin sunan a ɓoye. In kunna, wani Bature ya yi ta bayani da Faransancin Paris mai gudu kamar mota ba birki minti goma sha biyar, in kashe, in ce kun gani ko? Wi Mushe!

Dubuwar ɗin ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na koleji, ce ta sauko da ni ƙasa. Na zauna da dare da hitila ina gyara, takarda ta farko yaro ya rubuta jinin da ke komawa zuciya shuɗi ne. Na yi tsaki na ba shi sihiri, wato zero. Ta biyu, shuɗi. Ta biyar, ta goma, har da yaron da ya hi kowa ƙoƙari, le sang bleu. Sama da rabin aji. Na ajiye bik na dahe kai. A bidiyon ana zana jijiyoyin da ke maido jini da shuɗi, masu hita da shi da ja, don a bambanta kawai, Baturen ma wataƙila ya faɗa cikin gudun nan nashi, amma su abin da ido ya gani sunka riƙe. Yaran da kowace Sallar layya suna tsaye ana yanka rago gabansu, sun san jini ja ne tun suna goye, na zo da na'urata na raba su da abin da sunka sani. Shekarun da nike zana ƙwai soyayye ba wanda ya taɓa ce mini jini shuɗi ne. Ranar kasuwa na tahi wurin mahauci na sayi zuciyar rago da huhunta, ya ce Mushe yau miyar zuciya za a yi? Na kai aji cikin leda na tsaga da reza, kowa ya zo ya sa yatsa cikin ɗakunan nan huɗu, ya taɓa ya ji bangon hagu ya hi na dama kauri, na ce to ina shuɗin? Sunka yi ta dariya. Mai gadi ya gasa ta da maraice.

Abin da ya gyara mini aiki na gaskiya kuma ba dabarata ba ce, bafil ne ya mutu. Farkon shekarar karatu ta 2019, wani ya sa mishi sharjar da ba tashi ba, ya yi ɗan wari ya yi shiru har abada. Na riga na toshe tagogi na rataya zane, darasin zazzaɓin cizon sauro ne, hoto na tahiya ba murya. Don kar in ji kunya sai na fara bayani da bakina. Da yake bakina bai kai gudun bidiyon ba dole na riƙa tsayar da shi, in matsa kusa da zanen in nuna da sanda, kun ga bakin sauron nan, macen ce kaɗai ke cizo, tana neman jini don ƙwanta. Na fara da Faransanci, ban san sanda na zame cikin Hausa ba. Na ce ƙwayar cutar in ta shiga ba ta tsayawa cikin jini, hanta take fara zuwa ta ɓuya ta hayayyafa kwana da kwanaki mutum na yawonshi lahiya lau, sannan ta hito ta faɗa wa jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa fasa su, lokacin ne jiki ke ɗaukar rawar sanyi.

Sai na ga hannu a sama can layin ƴan mata. Wata yarinya ce da shekara biyu tana ajina ban san muryarta ba, kullum hijabi ja har goshi, kai ƙasa. Ta ce Mushe, in a hanta take ɓuya, shi ya sa idon ƙanena ya yi ɗorawa da ya yi masassara, tsohuwarmu ta ce shawara ce? Na tsaya. Tambaya ce ta mai ilimi, irin wadda ko a jami'a sai a ce madalla. Na bayyana mata cewa fashewar jajayen ƙwayoyin nan da yawa na iya sa ido ya yi ɗorawa, kuma akwai wasu cututtukan hanta daban masu kawo haka, shi ya sa ake zuwa likita a gwada jini. Kahin in ruhe baki hannu biyar sun tashi. Mi ya sa damina ta hi yawa? Sauron da ya ciji mai ciwo shi ma shina ciwo? Bidiyon minti huɗu ne, mun ci awa guda ba mu kai ƙarshenshi ba. Ban sake sayen bafil ba. Daga ranar duk bidiyon da na sauke ba ruwana da harshen da ke ciki, ko Sinanci ne, hoton nike so, muryar tawa ce da ta yara. Sai mun gama tauna abu da Hausa sannan mu ɗora mishi sunanshi na Faransanci mu rubuta rezime, tunda BEPC, jarrabawar gama koleji, da Faransanci ake yin ta ba da Adaranci ba. Wani mai duba aikin malamai da ya zo ya rubuta mini a takarda cewa ina yawan amfani da harshen gida. Na sa hannu na ce na gode.

Ana cikin haka magana ta kai gari cewa ana nuna wa yara fim a lakwal, an ruhe ƙofa da tagogi maza da mata cikin duhu. Gaskiya in ni ne uba ni ma sai na tambaya. Darakta ya kira ni ofis ya ce Mushe, shugaban iyayen yara zai zo gobe, ka san yadda za ka yi da shi, ni dai ba ni son hitina da gari. Dattijo ne mai kwarjini, manomi, ya haura saba'in, shina ɗingishi kaɗan.

Lokacin kuwa na samu wata sabuwar wasa. Na gani a intanet cewa ƴar hitilar lezar nan ta maƙalin makulli da yara ke saye ranar kasuwa, in ka fasa ta akwai ɗan gilashi ƙarami a bakinta kamar ƙwayar dawa, in ka manna shi bisa idon kamarar salula ya zama mikroskop. Na gwada ya yi. Da cingam na fara manna shi kahin in koma salatif. Ana jera littattahai gida biyu a ɗora ɓallin gilashin taga a tsakani, tocila a ƙasa tana haskowa, salula a sama bisa wasu littattahan, in hoto bai hito sarai ba sai ka riƙa ƙara warƙar kaye ɗaya ɗaya ƙarƙashin wayar har ya zauna, numfashi mai ƙarhi ma girgiza shi yake. Kar wani ya raina abin, wani ɗan kasuwar yadi na ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek da gilashi ƙwaya ɗaya ƙarami irin wanga ya ga ƙananan halittu cikin ruwan tabki a 1674.

Da dattijon ya zo na durƙusa na gaishe shi, Baba ina kwana, ina gajiya, ya gida ya iyali. Ya amsa a daƙile ya ce Malam, mun ba ku ɗiyanmu ku koya musu karatu, an ce silima kuke yi. Na ce Baba gaskiya ne ana kallo, amma ina roƙon arziki ka zauna ka ga irin kallon, in bai yi maka ba yau zan naɗe kayana. Anka kawo mishi kujerar darakta. Na ɗauko albasa, ja ta Galmi, na ɓare ƴar fatar nan siririya na shimhiɗa bisa gilashi da ɗigon ruwa, ita ja ba ta bukatar a sa mata wani launi. Ya sunkuya ya dubi wayar, ga su nan jere kamar tubalin gini, ja-ja, kowane da bangonshi. Ya ce wannan mi ne ne? Na ce albasar da ke hannunka ce Baba. Ya dubi albasa ya dubi waya ya ce ikon Allah, amma na ga bai gamsu ba, a ranshi hoto ne na sa tun da can.

Sai na ce a ba jikanshi kwalba ya ruga tabkin bayan gari ya ɗebo ruwa, wanda ake shayar da dabbobi, mutane ma na sha in rijiya ta yi nisa. Na ce Baba kai za ka ɗiga da hannunka. Ya tsoma tsinke ya ɗiga. Mun ɗan jima muna neman wuri, ina ta ƙara takarda ina ragewa gumi na zuba, ina addu'a a zuci kar ɗigon ya zama wayam, sai ga wani abu ya gilma. Na bi shi a hankali. Ɗan ƙwaro ne mai siffar goriba, ido ɗaya a goshi, gashin baki biyu dogaye, da jakar ƙwai biyu rataye a bayanshi, shina tahiya zabur zabur. Dattijo ya ja da baya har kujera ta yi ƙara ya ce a'uzubillahi, cikin ruwan nan? Na ce cikin ɗigon da ka ɗiga Baba. Na ce sunanshi siklop, kuma shi ne ke ɗauke da ƴaƴan kurkunu a cikinshi zamanin da akwai kurkunu, mutum ya sha shi da ruwa, sai bayan kamar shekara tsutsar ta huda ƙafa ta hito.

Ya yi shiru. Sannan ya naɗe ƙafar wandonshi ya nuna mini tabo biyu wajen idon sawu, tsohin tabo masu sheƙi. Ya ce damina biyu ban yi noma ba saboda shi, ana naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan kullum, ya kusa kamu biyu. Ya ce da ma'aikatan lahiya sunka zo suna raba mana ƙyallen tace ruwa sun ce akwai ƙwaro a ciki, mun karɓa don kunya, amma a ranmu mun ce ruwan da kake gani garau ina ƙwaro, mu mun ɗauka jifa ce ko iska. Na ce Baba yanzu babu kurkunu, tun 2013 hukumar lahiya ta duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi, ƙwaron dai shina nan amma cikinshi ba kowa. Ya ce a ƙara nuna mini shi. Ya kusa rabin awa shina bin ƙwaron nan da ido, har ya kira darakta da kanshi ya ce zo ka ga maƙiyina. Da zai tahi ya ce Malam ka ci gaba, amma ka bar ƙofa buɗe, kuma mata gehe guda maza gehe guda. Na ce an gama Baba. Da ƙofa buɗe hoton ya ɗan dushe amma ana gani, mu ma mun huta da zahi.

Da korona ta zo anka ruhe makarantu a watan Maris 2020 sai farkon Yuni anka koma. Na ji ana ta maganar karatu ta WhatsApp, na buɗe gurup na ƴan turwaziyam, mutum tara sunka shiga, shida daga ciki yayyensu ne da ke Libiya da Abijan. Rezo sai an hau tudu. Abin da ya ɗan yi aiki shi ne na riƙa naɗar muryata ina bayanin darasi, Hausa da Faransanci gauraye, in kai wa mai sharji ya zuba wa duk wanda ya kawo kart memwar, wurin da ake zuba waƙoƙi da wa'azi. Ko ƴar ƙaramar waya mai tocila na karanta shi. Maza sun samu, mata kaɗan ne, don wayar ta uba ce ko ta wa, kuma ba a ba ɗiya mace waya ta kwana da ita. Yarinyar nan mai tambayar hanta ba ta dawo ba da anka buɗe, an yi mata aure cikin hutun. Na je na samu babanta, ya karɓe ni da mutunci ya ba ni hura na sha, ya ce Malam ai an riga an ɗaura. Har yanzu in ina darasin zazzaɓi sai na faɗi tambayarta, ba na faɗin sunanta.

Yanzu ina cikin garin Tawa, an maido ni. Na yi murna zan samu kuran a aji, sai ga 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, muka shiga rabon wuta na awoyi, ɗan pannon nan na ƙauye da na kusa bayarwa kyauta shi ya riƙa cika mana wayoyi har da na maƙwabta. Yaran birni kuma tasu matsalar daban ce, wayar wasu ta hi tawa tsada, ka ba su aikin gida su kawo maka Faransancin da ko ministan ilimi bai iya ba, ChatGPT ya rubuta. Ba na faɗa, sai in ce madalla, taso ka gaya wa aji abin da ka rubuta da Hausa. Nan ake jin kunya. Da anka ce a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa na tuna takardar nan da na sa wa hannu, tana nan cikin akwati.

Projektar ɗin ya mutu bara, ƙura ta cinye shi, mai gyara ya buɗe ya ce Mushe wannan sai dai addu'a. Ban sayi wani ba tukuna, kuɗin makarantar yara da buhun hatsi sun sha gabanshi. Gilashin lezar kuwa shina nan cikin kwalin ashana a aljihun jakata, na uku ke nan, biyu sun faɗi cikin rairayi ba a gan su ba.

Shi ya sa ƙanena da ka tambaye ni ran Alhamis na ce ka fara sayo leza ta maƙalin makulli da albasa ja guda biyu, ka ɗauka zolayarka nike. Ran Asabar da sahe ina gida, ka zo da su, ka biya ta bakin tabki ka ɗebo ruwa a kwalba, wanda ke kusa da ciyawa ba na tsakiya ba. Salatif da tocila akwai wurina.